Yadda matashin mawaƙi zai ɗauko hanya daga Gusau ba tare da an ci guminsa ba: abin dubawa a tafiyar Zara Larsson

Ƙannena masu son waƙa, na Gusau da Kaura da Mafara har Tsafe, duk sanda aka tashi ba ku misali sai a ɗauko na Kano ko na Legas, to ni yau Suwidin zan kai ku, wurin wata mawaƙiya Zara Larsson, don tafiyarta a fili take shekara bayan shekara, kana iya ganin inda ta yi gudu da inda ta zauna ta jira da inda ta sa hannu a takarda. Tun kafin wani ya taso min, ba shigarta nake cewa a kwaikwaya ba, ba kuma rawarta ba, garinsu daban namu daban kowa ya sani. Yadda aka tsara aikin nake so mu duba, wannan ko mai bege ne kai ko mai waƙar soyayya ko ta faɗakarwa duk zai yi maka amfani.

An haife ta ranar 16 ga Disamba 1997 a Solna, nan gefen Sitokholm babban birninsu. A 2008, tana da shekara 10, ta shiga gasar nuna baiwa ta talabijin da suke kira Talang, ta cinye, aka ba ta kuɗinsu krona 500,000. Waƙar da ta rera a wasan ƙarshe ba tata ba ce, ta Celine Dion ce, tsohuwar waƙa wadda kowa a zauren ya riga ya haddace. Daga nan za mu fara.

Ka fara da waƙar wasu kafin taka

Abin da yawancinku kuke yi shi ne ku tara kuɗin situdiyo da ƙyar ku ruga ku ɗauki waƙarku ta farko, muryar ba ta nuna ba, numfashi yana yankewa a tsakiyar baiti, sai furodusa ya danna mata otocun, manhajar nan mai gyara murya, har ta koma kamar ta kowa. Yarinyar nan da waƙar wasu ta horar da maƙogwaronta, kuma amfanin waƙar da aka sani shi ne ba wurin ɓuya, in ka kauce ko yaro zai ji.

Ka zaɓi waƙoƙi kamar uku waɗanda suka fi ƙarfinka kaɗan, ɗaya mai jan numfashi, ɗaya mai sauri wadda kalmomi suka cushe a cikinta, ɗaya mai hawa sama. Mu nan ba mu da talaucin wannan, ga Narambaɗa ga Ɗankwairo ga Sa'idu Faru ga Jankiɗi, in ka leƙa Kabi ga Sani Aliyu Ɗandawo, mutanen da suka yi waƙa a filin Allah ba makirfo kuma na can baya ya ji kowace kalma. Ka rera ba kiɗa, ka ɗauka a waya, ka ajiye, sai gobe ka saurara, kar ka saurara nan take don a lokacin kunnenka yana jin abin da ka yi niyya ne ba abin da ya fito ba. In ka kunna washegari ka kula da abu biyu kawai: ina numfashinka ya ƙare, kuma wace kalma ce ka haɗiye ƙarshenta. Ka sa alama da biro a takardar, wurin da za ka ja iska ka ja ɗan layi a tsaye. Ka sake. Minti ashirin kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi, maƙogwaro nama ne yana gajiya, kuma lokacin hunturu da ƙura ka rage ihu ka yawaita ruwan ɗumi.

Su can Suwidin kusan kowace ƙaramar hukuma tana da makarantar koyon kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo da yara ke zuwa bayan an tashi boko, kuɗinta kaɗan ne don hukuma ce ke ɗauke da yawancin nauyin, shi ya sa ƙasar da mutanenta suka ɗan haura miliyan 10 kawai take ta fitar da irin su ƙungiyar mawaƙa ta ABBA da marubucin waƙa Max Martin. Ita Zara ma ta yi makarantar koyon rawar bale ta masarautarsu. Mu ba mu da wannan kuma ba gobe za a gina mana ba, amma muna da tamu makarantar wadda kuke rainawa, wato amshi. Musa Ɗankwairo da kuke ji, ya daɗe yana ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna yana karɓi kafin ya zama jagora. Ɗan amshi yana koyon shiga da fita a kan kiɗa, yana koyon haɗa murya da ta wasu, yana ganin yadda jagora ke karanta fuskar jama'a ya san lokacin da zai tsawaita da lokacin da zai dire. In akwai majalisin bege a unguwarku ko ƙungiyar waƙen Islamiyya ko wani mawaƙi da ke neman masu amshi a situdiyo, ka shiga, ko ba a biya ka da farko ba kana karatu ne.

Gasa: ka shiga, amma ka san abin da ke bayanta

Nan ne mutane ke tsallake labarin. Ana cewa ta ci gasa tana shekara 10 ta zama tauraruwa, alhali tsakanin cin gasar da fitowar waƙar da ta ɗaga ta shekara kusan biyar ce. Bayan gasar an tafi da ita har Los Anjalis a Amurka, aka zaga manyan kamfanoni da ita irin su Disney da Sony, ba wanda ya ɗauke ta. Ta dawo gida ta ci gaba da makaranta. Yarinyar da duk ƙasa ta gani a talabijin, da kyautar rabin miliyan a hannu, sai 2012 ta samu kamfanin da ya sa hannu da ita.

To kai da ka zo na ɗaya a gasar da wani gidan rediyo ko wata ƙungiyar ɗalibai ta shirya, aka ba ka kofi da ambulan, kar ka je ka ce wa mahaifinka ka gama da boko. Amfanin gasa uku ne a ganina: tana koya maka tsayuwa gaban mutane ƙafarka ba ta rawa, tana ba ka ɗan bidiyon da za ka nuna, tana haɗa ka da masu kiɗa. In za ka shiga ka tambayi sharuɗɗa tukuna, musamman ko bidiyon da muryar da aka ɗauka za su zama mallakar masu gasar, sannan duk gasar da aka ce sai ka biya kuɗin fom mai tsoka kuma ka sa 'yan'uwa su yi ta sayen ƙuri'a da katin waya, ka zauna ka lissafa wa ke cin riba, galibi ba mai waƙar ba ne.

Shekarun jira kuwa akwai aikin yi a cikinsu. In namiji ne kai kuma ba ka wuce sha uku sha huɗu ba, muryar da ake yaba maka yanzu za ta fashe, za ka yi wata da watanni kana jin kamar ba taka ba, kar ka tilasta mata hawa inda take hawa da, ka sauko da waƙoƙin ƙasa ka bar ta ta zauna. Ka koyi abin kiɗa ko da ɗaya ne, fiyano ko jita ko ma kalangu, kuma ka riƙe karatu, don Turancin da lissafin da kake gudu su ne za ka karanta kwantiragi da su wata rana.

Rubutun waƙa

Ga wani abu da zai ba ku mamaki. Ana kiranta mawaƙiya marubuciya, amma manyan waƙoƙinta na farko ba ita ta rubuta ba. Uncover wadda ta fara ɗaga ta wasu ne suka rubuta, Lush Life ta 2015 ma tawagar marubuta ce ta haɗa ta. A hankali ta shiga ɗakin rubutun, a Never Forget You da ta fito a 2015 sunanta yana cikin marubuta uku, tare da MNEK, wani ɗan Landan mai asalin Najeriya, sunansa na yanka Uzoechi Emenike. Haka Suwidawa ke aiki, mutum uku huɗu su zauna ɗaki ɗaya, wani ya kawo kari wani ya kawo kalmomi wani yana kan kwamfuta, kuma ba abin kunya ba ne.

Mu nan sai girman kai, kowa so yake a ce shi ya rubuta shi ya rera shi ya haɗa kiɗa. In Allah ya ba ka murya amma baitinka bai da gishiri, nemi abokin da ya iya Hausa, akwai su cike a jami'ar tarayya ta Gusau da kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaura, yara masu rubuta waƙa a littafi waɗanda ko kusa ba za su iya rerawa ba. Ku haɗu. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a gidan makaɗanmu, 'yan amshi suna yi wa jagora ƙari suna tuna masa ɗan waƙa in ya manta.

In kuma kai za ka rubuta da kanka, ka fara da gindi. Gindin waƙa shi ne abin da ake komawa kansa, shi mai kabu-kabu zai riƙa maimaitawa bai ma san yana yi ba, to kar ka taɓa ɗiya, wato baitocin, sai gindi ya zauna. Ya zama gajere, layi biyu ko uku, kuma ka gwada shi a kan ƙanwarka ko wani yaro a gida, ka rera masa sau biyu ka tafi harkarka, in da yamma ka ji yana yi to ka samu, in bai riƙe ba ka sake wani kar ka ce yaron ne bai da kai. Bayan nan ɗiyan waƙa, kowane ɗa ya ɗauki magana ɗaya ya kai ta ƙarshe ya sauka a kan gindi. Babbar cutar waƙoƙin yaranmu ita ce cusa kalma don kawai ta yi amsa-amo, a jero zuciya da tsintsiya da rijiya da mujiya ba abin da ya haɗa su sai ƙarshen. In kalma ba ta ƙara wa maganar komai ba cire ta ko da kuwa layin zai rame. Kuma ka faɗi abin da ido ke gani, maimakon ka ce kana cikin ƙunci ka ce ka tsaya tasha tun azahar motar Kaura ba ta cika ba kuma wayarta a kashe, mai sauraro zai ji ƙuncin da kansa.

Ka kuma yi da Hausarka ta gida. Ban ga dalilin da zai sa ɗan Bungudu ya shiga situdiyo ya riƙa karya harshe yana Kananci ba, alhali wanga da wagga da shina da muka taso da su suna da nauyi a waƙa wanda manyan makaɗan ƙasar nan suka riga suka nuna. Kasuwa ta cika da masu murya iri ɗaya, abin da ya bambanta ka shi za a tuna.

Ranar da kuka gama waƙa, kafin kowa ya tashi, ku ɗauko takarda ku rubuta sunan waƙar da kwanan wata da sunan kowa da kason kowa cikin ɗari, mai baiti kaza mai kari kaza mai kiɗa kaza, kowa ya sa hannu kowa ya ɗauki hoto a wayarsa. Za ka ji nauyi, za a ce maka haba ai mu 'yan'uwa ne mene ne na takarda. Ka yi dariya ka miƙa biro. Lokacin da waƙa ba ta kawo ko sisi ba shi ne lokacin da rabon ke da sauƙi.

Ɗaukar waƙa, da abin da za ka fito da shi daga situdiyo

Kamfanin da ya ɗauke ta a 2012 ba na Amurka ba ne, na gida ne, TEN Music Group na Sitokholm, tana da shekara 14. Ba su fara da babban kundi ba, a Janairun 2013 suka saki ƙaramin faifai mai waƙa biyar mai suna Introducing, a cikinsa Uncover take, ta hau ta ɗaya a Suwidin da Norwe. Sai bayan wannan, a cikin shekarar dai, kamfanin Epic na Amurka ya sa hannu da ita. Amurkar da ta je da ƙafarta ba a kula ta ba, da ta ci gida sai ga su sun biyo ta. Kundinta na farko cikakke sai Oktoban 2014 ya fito, wanda ya zaga duniya kuwa, So Good, sai 2017, a cikinsa ma akwai waƙar da ta yi da Wizkid.

To kai ma kar ka ɗora wa kanka kundi mai waƙa goma sha biyar. Ka rubuta da yawa, ka zaɓi huɗu ko biyar da suka fi, su kaɗai za ka kashe wa kuɗi. Gwajin farko a ɗakinka za ka yi: ka jira dare ya yi, janareton maƙwabta ya mutu, ka kashe fanka, ka jingina katifa a bango ka tsaya kana fuskantarta ko ka shiga tsakanin kayan da aka rataye, wayar ta yi nisan kamar taƙi ɗaya daga bakinka kuma ka ɗan karkatar da ita gefe don kar iskar "fa" da "ba" ta riƙa bugunta. Akwai manhajar BandLab kyauta ce, kana iya ɗora murya a kan kiɗa ka ji yadda za ta zauna. Duk gyaran baiti a nan za ka gama shi. Situdiyo wurin ɗauka ne, in ka je can kana ta tauna biro kana neman layi na biyu, lokacin da ka biya ne ke tafiya kuma ga wasu a benci suna jiran layi.

Kafin ka biya furodusa ka ji ayyukansa na baya, a lasifikar waya za ka ji ba a manyan sifikokin situdiyo ba, don a waya mutanenka za su saurara. In murya ta nutse cikin kiɗa a wayar to taka ma haka za ta nutse. Ku yi ciniki a fili: kuɗin nan na ɗauka ne kawai ko har da gyaran sauti, sau nawa za ka iya dawowa a gyara, kuma kiɗan naka ne kai kaɗai ko gobe za ka ji shi a bakin wani. Wannan na ƙarshen yana faruwa sosai, yaro ya biya kuɗin kiɗa bayan wata biyu ya ji an ɗora waƙar biki a kansa.

In an gama kar ka yarda a turo maka waƙar ta WhatsApp kawai a ce shi ke nan, wannan matsattsen fayil ne an rage masa inganci. Ka je da filashinka ka karɓi babban fayil ɗin da ake kira WAV, ka karɓi kiɗan zalla ba murya, ka karɓi muryar zalla ba kiɗa, in zai yiwu har da kowane abin kiɗa daban-daban. Ka ajiye a wuri biyu, filashi ɗaya da kuma imel ko Google Drive. Kwamfutar situdiyo tana mutuwa, ana sace ta, mai situdiyon yana iya komawa Kaduna, kuma mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a jihar nan ta Zamfara a Satumban 2021 mun san ba a dogara da intanet kaɗai, shi ya sa na ce wuri biyu.

Sakin waƙar

Kafin faifan nata ya fito, a ƙarshen 2012, an fara ɗora ɗanɗanon Uncover a YouTube, mutane suka gani suka fara yaɗawa. Kai ma ka yanko wurin da ya fi daɗi, gindin, daƙiƙa ashirin ko talatin, ka sa a sitatus da TikTok da Facebook kwanaki kafin ka saki cikakkiyar. In ka ga ana tambaya ina sauran to ka san wadda za ka fara turawa gaba cikin biyar ɗin.

Ka ci Gusau tukuna. Ka kai wa masu tura waƙoƙi a waya na kasuwa da bakin tasha, ka kai wa masu DJ na biki, ka kai gidajen rediyo, ka ba masu Keke Napep da kuka saba. Ka tabbata an rubuta sunanka da sunan waƙar daidai a jikin fayil ɗin, ka kuma ambaci sunanka a cikin waƙar ko sau ɗaya ne, don in ta fara yawo ta Xender daga waya zuwa waya sunan fayil yana canzawa, sai ka ji waƙarka a shagon mai shayi an ce ta wani ce. A intanet kuma Audiomack kana iya ɗorawa da kanka kyauta, YouTube ma haka. Spotify, wanda shi ma kamfanin Suwidin ne kuma ya shigo Najeriya a 2021, ba a ɗora masa kai tsaye, sai ta hannun 'yan rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore, su ne za su kai ta can da Apple Music da Boomplay. Asusun nan ka buɗe shi da imel ɗinka da lambar wayarka, kar ka bari wani ya buɗe maka da nasa don ya fi ka iya kwamfuta, duk wanda ke riƙe da kalmar sirrin shi kuɗin ke zuwa wa.

Kuma kar ka sa rai da kuɗin nan da wuri. YouTube ba ya fara raba maka kuɗin talla a dogayen bidiyo sai ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, Spotify kuwa tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba ba ta samun komai. Masu cewa ka biya su su ƙara maka masu kallo na bogi ka rabu da su, in aka gano sauke waƙar ake yi.

Takarda

Wannan shi ne wurin da na fi so ku buɗe kunne. A 2022 Zara ta rabu da kamfanin TEN bayan shekara goma, ta sayi mallakar duk waƙoƙin da ta ɗauka a ƙarƙashinsu, ta buɗe nata kamfanin mai suna Sommer House. Ka lura, saya ta yi. Muryarta ce, sunanta ne a jiki, amma faifan na kamfani ne tun ranar da aka sa hannu tana yarinya, kuma ita ta yi sa'a mai kamfanin ya yarda ya sayar mata, da yawa ba sa samun haka.

Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a cikinta. Akwai na ƙirƙira, wato baitin da karin, akwai kuma na ainihin sautin da aka ɗauka a situdiyo. Kana iya zama mai na farko na biyun yana hannun wanda ya ɗauki nauyin ɗaukar. Abin kamar gona ne, aro daban jingina daban sayarwa daban, kuma duk ukun mutum yana iya shiga ya yi noma, sai ranar da ka zo karɓar abinka za ka san wanne ka yi. To in wani Alhaji ko wani mai situdiyo ya ce zai ɗauki nauyinka, ka yi godiya ka ce, ranka ya daɗe a rubuta. A rubuta shekara nawa ne, waƙa nawa ce, kashi nawa ne naka, kuɗin da ya kashe bashi ne da za a cire daga kasonka ko kyauta ce, kuma bayan wa'adin waƙoƙin suna dawowa hannunka ko sun tafi ke nan. Duk takardar da ka ga an rubuta har abada ko ba a sa ranar ƙarewa ba, kar ka sa hannu a ranar, ka ce za ka kai gida a duba. Mai niyyar kirki ba zai hana ka kwana biyu ba. Ka nemi lauya ya karanta, ko da kuɗin zai yi maka ciwo.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana ba ka haƙƙi tun daga lokacin da ka rubuta ko ka ɗauki waƙar, ba sai ka yi rajista ba, kuma miƙa wa wani mallakar ba ya inganta sai a rubuce. Duk da haka hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa tana karɓar rajista ta intanet, kuma takardar tana taimakawa ranar da aka yi gardamar wa ya riga wa. Littafin da kake rubutu a ciki ma kar ka yar, ka riƙa sa kwanan wata a saman kowane shafi.

In ba ka kai shekara 18 ba dole iyaye ko waliyyi su shigo maganar takarda, kuma ko ka wuce ma ni shawarata kar ka yi waƙa a ɓoye. Ka samu Baba lokacin da ya huce, bayan isha, ka kunna masa wadda ka san ba abin kunya a cikinta, ka gaya masa makaranta tana nan ba ka bari ba. In kana jin nauyinsa ka bi ta wurin kawu ko Inna. Ke kuma ƙanwata, naki ya fi nasu wuya, ba sai na ɓoye miki ba, garin nan akwai Hisba akwai bakin mutane. Kar ki je situdiyo ke kaɗai, ki tafi da yayanki ko wata babba, da rana, kuma duk furodusan da ya ce sai dare ne muryar ke fita ko ya ce ki bar kuɗin kawai za ku daidaita, ki ɗauki jakarki. Mata da yawa a harkar nan amshi suke yi a biya su na ranar a sallame su, sunansu ko a jikin waƙar ba ya fitowa. In amshin za ki yi ki ce a rubuta sunanki, in kuma ke kika kawo gindin to kina da kaso a takardar da na faɗa ɗazu.

Saura maganar abin da za ka ci kafin waƙa ta fara ciyar da kai. Waƙar biki da ta suna da tallar shago suna kawo na cefane kuma suna koya maka rubutu da sauri, ka yi su, amma ka karɓi rabin kuɗin kafin ka shiga situdiyo. Waƙar siyasa ita ce mai maiƙo, ita ce kuma mai ɗaure mutum, ka yi wa wannan yau ka zagi wancan, zaɓe ya wuce su shirya a Abuja kai kuma an riga an shafa maka fenti, rabin gari ba sa kunna ka. In ta kama dole ka yi, ka yabi naka ka bar zagin na wani, ka karɓi kuɗinka a dunƙule kafin ranar zaɓe, kuma ka buɗe mata wani shafi daban, kar ka zuba ta a asusun da ka tara waƙoƙinka biyar ɗin nan.